An Cire Tallafi, An Sake Dokar Haraji, Kasafi Ya Kumbura: Ina Kuɗin Suke Tafiya?

Tambaya ɗaya ce take ta yawo a majalisun Katsina tun da aka cire tallafin man fetur, kuma duk lokacin da gwamna ya kai kasafin kuɗi gaban majalisar dokoki sai ta sake tasowa: in da gaske ne kuɗin gwamnati sun ƙaru, me ya sa aljihun talaka yake ƙara bushewa? Kwanan baya wani dattijo mai sayar da hatsi a babbar kasuwa ya yi mini ita da harshen da ya fi nawa kaifi. Muna zaune rediyo yana lissafa biliyoyin da aka ware wa ma'aikatu, sai ya juyo ya ce, "Malam, ku da kuka yi boko, waɗannan biliyoyin da ake ƙirgawa a wace kasuwa ake kashe su? Nan dai ba su biyo ba." Na ce, "Baba, zancen da tsawo." Ya ce ai ciniki babu, lokaci kuwa yana da shi har na sayarwa.

Amsar tana buƙatar a raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa a hira, wato kasafi da haraji da tallafi, a kuma gane wane irin ciwo ne yake damun tattalin arzikin, domin a kansa rigimar masana take.

Kasafi ƙiyasi ne, kuɗin ba su cikin akwati

Mutane da yawa in sun ji an ce gwamnati ta ware biliyan kaza domin hanya ko asibiti, ɗauka suke an ƙirga kuɗin an ajiye, saura ɗan kwangila ya zo ya karɓa. Kasafi kuwa lissafi ne irin wanda manomi yake yi kafin ruwa ya sauka: in damina ta yi kyau zan samu buhu kaza, in aurar da yarinya, in gyara soro, in biya bashin taki. In ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, lissafin yana nan a kai, buhunan ne babu.

Kasafin gwamnatin tarayya na 2025 naira tiriliyan 54.99 ne. An gina shi a kan zaton za a sayar da gangar ɗanyen mai dala 75, a haƙo ganga miliyan 2.06 kullum, dala kuma ta tsaya a naira 1,500. Farashin mai ya shafe mafi yawan shekarar ƙasa da dala 75, haƙowar ma ba ta kai adadin ba. Abin da ya rage tsakanin kuɗin da ake sa ran samu da wanda ake son kashewa shi ne giɓi, kuma da bashi ake cike shi.

Kuɗin da suka shigo kashi uku ake yi musu. Akwai albashi da fansho da hidimar ofisoshi ta yau da kullum. Akwai biyan bashi da kuɗin ruwansa, wanda a kasafin 2025 ya haura tiriliyan 14. Sai manyan ayyuka: hanyoyi, madatsun ruwa, gine-ginen makarantu da asibitoci. Na farko ba ya jira, domin ma'aikata za su tafi yajin aiki. Na biyu ma ba ya jira, domin mai bin bashi ba ya jin uzuri. Saboda haka duk lokacin da kuɗi suka gaza, manyan ayyuka ne ake yanka, su ne kuma waɗanda talaka yake iya gani da idonsa. Shi ya sa aka yi ta ƙara wa'adin ayyukan kasafin 2024 har cikin 2025, ana tafiyar da kasafi a kan kasafi.

Su kansu lambobin suna ruɗi. Kasafin 2023 tiriliyan 21.83 ne, a lokacin da gwamnati take lissafa dala a kan kimanin naira 435, wato wajen dala biliyan 50. Na 2025 ya ninka shi sau biyu da rabi a naira, amma in aka mayar da shi dala a kan 1,500, bai kai biliyan 37 ba. Tulun ya yi girma a ido, ruwan ciki ya ragu. Haka yake a nan gida. Kasafin Katsina ya tashi daga kimanin biliyan 454 a 2024 zuwa wajen biliyan 690 a 2025, wanda Gwamna Dikko Raɗɗa ya gabatar na 2026 kuma ya doshi biliyan 900. Ƙaruwa ce ta gaske, amma wanda ya sayi siminti ko rodi ko man dizal a 2023 ya sake saye a 2025 ya san kilomita ɗaya ta kwalta ba ta nan a farashinta na da.

Wane irin matsi ne wannan?

A wajen masana, ana cewa tattalin arziki ya shiga koma-baya idan jimillar abin da ƙasa take samarwa ta ragu wata shida a jere. Najeriya ta faɗa wannan ramin a 2016, lokacin da farashin mai ya karye, ta sake faɗawa a 2020 da annobar korona. Halin da aka shiga daga 2023 daban yake. A takarda tattalin arzikin bunƙasa yake yi, kashi uku da ɗoriya a 2024. Abin da ya karye shi ne darajar kuɗin da ke hannun mutane.

Abubuwa biyu ne suka zo a jere cikin makonni. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A tsakiyar Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta abinci ma ta taɓa wuce kashi 40 a tsakiyar shekarar. Mu a Katsina muna da ƙari biyu da Legas ba ta da su: rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya tsayar da harkar Jibiya da Kwangwalam da Mai'adua har zuwa farkon 2024, da kuma 'yan bindigar da suka hana noma a yankunan Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Bambancin yana da muhimmanci saboda maganin ba ɗaya ba ne. Idan kasuwa ta mutu don mutane ba su da abin saye, shawarar da aka gada daga masanin Ingila John Maynard Keynes tun 1936 ita ce gwamnati ta buɗe hannu, ta yi ayyuka, ta rage haraji, ko da bashi za ta ci, har kasuwa ta farfaɗo. Amma idan kaya ne suka yi ƙaranci farashi yana gudu, zuba kuɗi ba tare da ƙarin kaya ba ƙara wa wuta makamashi ne. Mun gani. Gwamnatin Buhari ta riƙa karɓar rance kai tsaye daga Babban Banki har ya kai tiriliyan 22.7, wanda majalisa ta amince a mayar da shi bashi mai dogon zango a Mayun 2023. Wannan da buga sababbin kuɗi ɗan juma ne da ɗan jummai, kuma yana cikin abin da ya kunna tsadar tun kafin a taɓa tallafi.

Mu ba sai mun je Ingila ba kafin mu san dabarar. Ƙissar Annabi Yusuf, Alaihissalam, kowane ɗan makarantar allo ya san ta: a tara a shekaru bakwai na yalwa, a ci a shekaru bakwai na fari. Najeriya ta taɓa gina irin wannan rumbu, asusun rarar kuɗin mai da aka buɗe a 2004. A zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kai wajen dala biliyan 20, kuma da shi aka tare guguwar tattalin arzikin duniya ta 2008. Gwamnatocin da suka biyo baya, tare da gwamnonin da kullum suke cewa a raba, suka kwashe shi har ya koma ƙasa da dala miliyan ɗaya. Farin ya zo ya tarar da rumbu a buɗe. A 2022, bisa lissafin Bankin Duniya, kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya biyan bashi suka tafi.

Kuɗin tallafin mai, hannun wa suka koma?

A 2022 tallafin mai ya ci sama da naira tiriliyan 4. Yadda ake biyansa shi ne kamfanin man fetur na ƙasa, NNPC, ya cire kuɗin daga cinikin ɗanyen mai tun kafin ya zuba saura a asusun tarayya. Wato jihohi da ƙananan hukumomi ma suna biya, ta hanyar rage musu kaso. Da aka daina, kuma dalar mai ta koma ana canza ta a kan 1,500 maimakon 460, sai nairar da ake rabawa duk wata ta yi tsalle. A farkon 2023 abin da kwamitin rabon arzikin ƙasa yake rabawa bai kai tiriliyan ɗaya a wata ba. A wasu watannin 2025 ya haura tiriliyan biyu.

Tsarin rabon a bayyane yake: gwamnatin tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo mai. Kusan rabin kuɗin ke nan suna barin Abuja. Wannan ne wurin da nake ganin hirar majalisunmu take kuskure hanya. Duk fushin Abuja ake aika shi, alhali kaso mai tsoka na abin da mai keke napep yake ƙara biya a gidan mai yana dawowa asusun jiha da na ƙananan hukumomi 34 da muke da su. Jiha irin tamu, wadda kuɗin shigarta na cikin gida ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da Legas mai tara sama da biliyan 800 a 2023, kusan duk abin da take kashewa daga wannan rabon yake fitowa, sai bashi da gudummawar hukumomin waje.

Kada dai a ɗauka duk rarar ta iso. Bankin Duniya ya ce tallafin bai ƙare gaba ɗaya ba sai Oktoban 2024, kuma ko bayan nan kimanin rabin abin da aka samu ne NNPC yake zubawa a asusun tarayya, sauran yana biyan basussukan da suka taru. Bashin waje ma da dala ake biyansa, don haka faɗuwar naira ta ninka shi. Albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 mafi ƙanƙanta a 2024, wannan ma ya ci nasa rabon. Ga tsaro: dakarun sa-kai da jiha ta ƙaddamar a Oktoban 2023, da motoci da kayan aiki da alawus ɗinsu, duk daga tukunya ɗaya ake ɗiba.

Haraji: wanda ke cikin doka da wanda ba ya ciki

Bakatsine ba baƙon haraji ba ne. Tsarin baitulmalin en'e da Turawa suka shimfiɗa a Arewa, a Katsina aka fara gwada shi, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Tsofaffinmu suna tuna yadda ake ɓoye shanu in masu jangali sun doso, da yadda magidanci yake tafiya cirani don ya samo kuɗin haraji kada a tozarta shi gaban iyalinsa. Lokacin da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979, muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, murna aka yi. Daga nan sai kuɗin mai suka maye gurbi, kuma wani abu ya tafi tare da harajin wanda ba a lura ba: gwamnatin da ba daga aljihunka take ci ba, ba ta jin dole ta yi maka bayani, kai ma ba ka jin kana da bakin tambaya. Har yau abin da Najeriya take tarawa na haraji yana wajen kashi goma cikin ɗari na arzikin da take samarwa, cikin mafi ƙanƙanta a duniya.

Wannan ne hujjar gwamnati ta kawo sababbin dokoki huɗu, waɗanda kwamitin gyaran haraji ƙarƙashin Taiwo Oyedele ya tsara, shugaban ƙasa ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da manyansu. Jita-jita ta riga dokar isowa. An ce za a riƙa cire kuɗi daga asusun banki na kowa, an ce za a sa wa gado haraji. Abin da dokar take bi shi ne riba da albashi, ba kuɗin ajiya ko wanda ɗan'uwa ya turo maka na cefane ba, kuma bayan ƙorafin malamai da 'yan majalisa ba a bar harajin gado a cikinta ba.

Ga mai albashi, akwai wani abu mai kama da nisabi. Naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta. Abin da ya hau kai har zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15, yana hawa mataki-mataki har kashi 25 ga mai samun sama da miliyan 50. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi an yafe masa. Ɗauki malamin makaranta mai naira 150,000 a wata, miliyan 1.8 a shekara: miliyan ɗaya ce za a yi wa lissafi, harajinsa ba zai wuce 12,500 a wata ba, kuma zai ragu in an cire kuɗin fansho da rangwamen haya. Wannan harajin asusun jiha yake shiga. A jihar da mafi yawan ma'aikata ƙananan albashi suke ɗauka, sauƙin da aka yi musu raguwa ce ga baitulmali, kuma abin tsoron shi ne a nemi cike gurbin daga 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ta hanyar ƙarin rasit.

Babbar rigimar a kan VAT aka yi, harajin da ake ɗorawa a kan kaya da hidima, wanda yake kashi 7.5 tun 2020. Ƙudirin farko ya so a riƙa ƙara shi har ya kai kashi 15, a kuma raba kashi 60 na rabon jihohi bisa inda kuɗin suka fito. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka yi watsi da shi a taronsu na Kaduna a Oktoban 2024. Damuwarsu tana da tushe. Katin waya da aka saya a Mashi ko Ingawa, a hedikwatar kamfanin da ke Legas aka saba rubuta harajinsa. Sannan abin da Arewa ta fi samarwa, hatsi da dabbobi, ba a ɗora masa VAT, don haka ba ya shiga lissafi ko da tireloli nawa suka tashi daga Dandume da Bakori da Charanci. A ƙarshe aka bar shi a 7.5, aka rage kason tarayya daga 15 zuwa 10, na jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55. Tsakanin jihohi kuma rabi a raba daidai, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan, kashi 20 bisa yawan jama'a. A da yawan jama'a kashi 30 yake ci. Jiha mai ɗimbin mutane da ƙarancin manyan kamfanoni irin Katsina ta samu ta wata ƙofa ta rasa ta wata, kuma ribarta ta rataya ne a kan ko hukumar tara haraji za ta iya bin diddigin inda aka ci kaya da gaske. (Wani abin tunawa: a 2007 ma an ninka VAT zuwa kashi 10 a ƙarshen mulkin Obasanjo, 'Yar'aduwa ya zo ya mayar da shi 5.)

Duk wannan harajin doka ne. Wanda ya fi cin talaka ba a kai shi majalisa ba. A 2019 mai albashin 30,000 zai iya sayen lita sama da 200 ta fetur a kan naira 145. Mai 70,000 a lokacin da lita take 1,000, lita 70 zai samu. Bambancin nan an karɓe shi daga hannunsa ba rasit, kuma wani ɓangarensa ne ya bayyana a matsayin ƙarin kaso a asusun gwamnatoci. Hauhawar farashi haraji ce da ta fi nauyi a kan wanda dukiyarsa naira ce a aljihu. Mai gidaje da filaye da dala, tashi ma dukiyarsa take yi. Sai kuma na kan hanya: direban da ya ɗauko masara daga Funtuwa ya san shingaye nawa zai tsaya, da rasit nawa za a yanka masa na ƙungiya da na ƙaramar hukuma. An ce abinci ba VAT, amma duk waɗannan a kan tiya suke sauka. Mafi muni shi ne wanda manoman wasu ƙauyuka suke biya wa 'yan bindiga kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe.

Rabon tallafi da abin da yake iya yi

Duk gwamnatin da ta ƙara kuɗin mai a ƙasar nan sai ta zo da abin lallashi. Abacha ya kafa PTF, asusun ayyuka daga ƙarin kuɗin mai, ya damƙa wa Janar Buhari, kuma har yau akwai masu tuna magunguna da hanyoyin da aka gani a lokacin. Jonathan ya zo da shirin SURE-P, na yin ayyuka da rarar kuɗin tallafi, a 2012. Buhari da ya hau mulki ya kawo N-Power, shirin ba matasa aikin yi, da ciyar da 'yan firamare da naira 5,000 a wata ga gidaje matalauta. A wannan karon an sanar da ware wa kowace jiha biliyan 5 da motocin shinkafa a Agustan 2023, aka kuma yi alkawarin naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. Shirin bai yi nisa ba aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu a Janairun 2024 kan zargin karkatar da kuɗi, rabon ya tsaya cik na wani lokaci. Da aka dawo da shi aka ce sai mai lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da asusun banki ko na waya. Manufar toshe ɓaraka ce, amma gwauruwar da ke ƙauyen da babu sabis, balle banki, ita ce ta fara faɗuwa daga jerin.

Ko da kuɗin sun isa hannu, 75,000 ce gaba ɗaya, wadda a tsakiyar 2024 da ƙyar za ta sayi buhun shinkafa guda. Hukumar ƙididdiga kuma ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kusan kashi biyu cikin uku a Arewa.

Masu goyon bayan rabon kuɗi suna cewa yunwa ba ta jiran a gama gina madatsar ruwa, kuma mace in ta karɓi kuɗi a hannunta ta fi kowane jami'i sanin abin da gidanta yake buƙata. Suna da gaskiya, musamman a jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta saboda tamowa a wata shida na farkon 2025. Masu suka kuma suna cewa rabo ya zama hanyar siyasa, jerin sunaye a hannun 'yan jam'iyya yake, buhu ɗaya ana ɗaukar masa hoto goma. Su ma ba ƙarya suka yi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin rabon hatsin azumi ya ga wanda ya zo da mota ya tafi da buhu, ya ga wadda ta zo tun asuba ta koma da ɗaurin zani.

Ni a ganina tallafin da ya fi wuyar sacewa shi ne wanda ba a raba shi a hannu. In asibitin gunduma yana da magani da ungozoma, magidanci ya tsira da kuɗin motar zuwa birni da na kemis. In makarantar gwamnati tana da malami, ya huta da kuɗin makarantar kuɗi. In famfo yana kawo ruwa, kuɗin 'yan garuwa ya koma cefane. Ba mai buƙatar sanin kansila kafin ya amfana. Aibinsa a wajen ɗan siyasa shi ne ba a yi masa bikin ƙaddamarwa duk wata, kuma albashin ma'aikacin jinya a kasafi yana ƙarƙashin hidimar yau da kullum, ɓangaren da gwamnoni suke alfaharin sun matse domin a ce kashi saba'in ko tamanin na kasafinsu manyan ayyuka ne. Gini ba ma'aikaci kuwa, jemagu ne suke tarewa.

Akwai kuma inda sauƙin wani ya zama asarar wani. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150. Farashin hatsi ya sauko sosai a 2025, mai saye a birni ya numfasa. Manomin kudancin Katsina da ya sayi taki da tsada, ya biya kuɗin haya na tarakta da man ban-ruwa a sabon farashi, shi ya kai amfaninsa kasuwa ya tarar kuɗin ba su mayar da abin da ya kashe ba. Dattijon nan mai hatsi yana cikin waɗanda suka saya da tsada suka ajiye, farashi ya karye a kansu. Manomin da ya yi asara bana yakan rage gona baɗi, kuma ƙarancin da zai biyo baya mai sayen ne zai biya.

Inda ya kamata a sa ido

Jawabin gabatar da kasafi shi ne wanda rediyo yake watsawa, amma takardar da ta fi shi amfani ita ce rahoton aiwatar da kasafi da jihohi suke wallafawa a intanet duk wata uku. A nan ake ganin abin da aka ware wa lafiya a gefe guda, da abin da aka saki a ɗaya gefen. A nan ake ganin nawa aka ci bashi, nawa ya tafi tafiye-tafiye da sayen motoci, nawa ya isa ga taki da noman rani. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa kashi 15 na kasafi zai tafi lafiya, kuma jiha tana iya rubuta wannan adadin a takarda ta saki rabinsa. 'Yan jaridarmu da ƙungiyoyin farar hula da malaman jami'o'in Katsina da Dutsinma suna da aikin fassara waɗannan takardu zuwa Hausa, gunduma-gunduma, yadda mutumin Rimi ko Baure zai san rijiyar burtsatse nawa aka rubuta da sunan garinsu.

Ƙananan hukumomi su ne ɗakin da ya fi duhu. Kashi 20.60 na asusun tarayya da kashi 35 na VAT nasu ne, kuma albashin malaman firamare da kula da ƙananan asibitoci da kasuwannin ƙauye a wuyansu suke. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. An shafe fiye da shekara bayan hukuncin ana ta jan ƙafa a faɗin ƙasa, ana maganar buɗe asusu a Babban Banki da tantance takardu. Kowane wata ana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma, daga Katsina da Daura har Zango da Musawa. Da na nuna wa dattijon nan adadin tasu ƙaramar hukumar a wayata, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in sake karanta masa a hankali, a wata ne ko a shekara.